Shekara Uku da Rabi

A Tungan Gamji ba a cewa tafki. Mutanen Yelwa da na Wara su ce tafkin Kainji, 'yan boko su ce dam, amma tsofaffin da aka kwaso daga gungu, tsibiran cikin kogi, lokacin da ruwa ya ci garuruwansu, teku suke cewa. Sun taso suna ganin Kwara da gaɓa biyu, sai ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. 'Ya'yansu suka gaji kalmar, jikoki ma haka. Yusha'u bai san wani teku ba sai wannan, kuma a saninsa, a cikinsa matarsa Christiana take kwance.

A farkon damina abin ya faru. Matan majami'a sun tafi taro a Wara, kowacce da zanen zumuntar mata, a hanyar dawowa iska ta taso, jirgin ya kife. Mutum tara ruwa ya ci daga tungar. Cikin kwana uku aka samu shida. Ukun da suka rage ba a gan su ba, har da Christiana. Yusha'u masunci ne, ya san ruwa, ya yi ta nutso har kunnuwansa suka fara jini. Da aka hana shi, sai ya shiga ɗaki ya kwanta, ya juya wa ƙofa baya. Innarsu ta dama fura, ta dama kunu, duk ƙudaje suka sha.

Ranar Lahadi wansa Philip ya sa aka tallabo shi zuwa majami'a. Philip ne mai bisharar tungar, shi kaɗai a gidansu ya yi karatu mai zurfi, har da shekara biyu a makarantar horon masu bishara. Shi ya goyi Yusha'u suna yara, shi ya koya masa iyo. Ran nan majami'a ta cika har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Philip ya buɗe can ƙarshen Nassi, wurin wahayin nan mai dabbobi da ƙahoni wanda mutane ke tsoron karantawa, ya ce a nan an yi alkawari akwai ranar da teku zai mayar da duk matattun da ya haɗiye.

Yusha'u ya ɗaga kai. A tsakiyar wa'azi, gaban kowa, ya ce, "Yaya, wane teku?"

Philip ya nuna taga, inda ruwa ke ƙyalli. "Kana da wani tekun bayan wanga?"

"Yaushe?"

Philip ya juya shafuka. Ya ce wahala tana da wa'adi, tun zamanin da an nuna wa wani annabin Yahudawa, aka sake nunawa a wahayin ƙarshe: shekara uku da rabi, kwana dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin. Mata suka fashe da kuka, wasu suka ɗaga hannu sama. Yusha'u ya koma gida ya shanye kwanon kunu har da lashe ludayi.

Washegari ya ɗauko sabuwar igiyar mamari, doguwar nan da ake jera wa ƙugiyoyi, ya cire ƙugiyoyin, ya yi ƙulli ɗaya a bakinta. Kullum da safe, kafin ya kurkure baki, sai ya ƙara ɗaya. Aji huɗu ya bar makaranta, lissafin takarda yana rikita shi, amma ƙulli ba ya yi masa gardama.

Kamun kifi kuwa ya bari. Ya ce ba zai jefa ƙugiya a inda matarsa take ba, kifi ma ya daina ci, a garin da miya ba ta daɗi sai da shi. Ya sa wa jirginsa ƙaramin inji ya koma fito, yana ƙetarar da mutane da awaki da buhunan albasa. Ba ya iya zama wuri ɗaya, in babu fasinja sai ya yi ta kewaya wurin da jirgin ya kife, har mai ya kusa ƙarewa. A bakin ruwa abokansa na da sukan tsokane shi.

"Mai ƙulli, saura nawa a tashi duniya? Ka gaya muna mu cinye awakinmu."

"In lokaci ya yi ba sai an gaya maku ba," in ji shi.

"To in matar taka ta hito ka ce ta taho man da komata da ta nutse bara!"

Shi ma yakan yi dariya. Wanda yake da rana a hannu, tsokana ba ta yi masa zafi.

Da shekara biyu ta cika Inna ta kawo zancen Blessing, 'yar ƙawarta, mai hankali, mai sana'ar suyar ƙosai. Yusha'u ya ce, "Inna, in Christiana ta hito ta iske wata a ɗakinta, mi zan ce mata?" Inna ta dubi Philip, Philip ya dubi ƙasa. Ba a sake zancen ba. Tukwanenta na nan yadda ta kife su, duk Asabar sai ya wanke su. Wani lokaci yakan je wurin wansa da tambaya: da zanenta za ta fito, ko sai ya tanadi wani? Za ta gane shi da ya rame haka? Philip yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka dai ci gaba da addu'a, ƙanena."

Shekara uku da wata biyu suka wuce. Igiya ta yi nauyi, ƙulli ya haura dubu, yana naɗe ta a cikin jirgi ƙarƙashin mazauninsa. Lokacin ruwa ya gama janyewa ya fara dawowa. Haka tekun yake yi kowace shekara: ya ja baya da bazara ya bar fili mai ciyawa, makiyaya su sauko da shanu, sannan a tsakiyar damina ya juyo ya kore kowa.

Wata Talata da hantsi wani dattijon Bafulatani ya shigo jirginsa da buhun gishirin shanu. Ya ce sunansa Wakili, Bakin Kuka za shi, can gaɓar da ke kallon kudu, za su tayar da ruga kafin ruwa ya iske su. Mutum ne mai son hira. Ya yi ƙorafin tsadar gishiri, ya zagi ƙudan shanu, sannan ya ce, "Mai jirgi, kai ɗan wane gari ne?"

"Tungan Gamji."

"Af! Garin malamin Kiristan nan, dogo mai wushirya. Filibu ko mi?"

"Philip. Ka san shi, Baffa?"

"Sau ɗaya na gan shi, kuma ina da ƙorafi a kansa. In ka koma ka gaya mashi Wakili ya ce bai kyauta ba. Shekara uku ke nan ba wanda ya zo ya dubi kabarin baiwar Allah nan."

Yusha'u ya rage ƙarar inji. "Wane kabari?"

"Matar ƙanensa mana. Wadda jirgi ya kife da su." Wakili ya gyara zama a kan buhunsa. "Kwana tara bayan abin, shanuna suka ƙi shan ruwa a wani wuri. Na je na duba, ga ta cikin ciyawa. Ba ta jiran kowa, ɗana, jikin ya riga ya gaji. Matata Hamdiyya da surukarta suka rufa mata asiri, suka suturta ta. Ba mu san ko wace ce ba, mun dai san mutum ce. Muka yi mata salla, muka sa ta a ƙasa gindin wani kututturen kuka. Sai daga baya Hamdiyya ta ce zanen nan na matan coci ne. Na aika gari gari, malamin nan ya zo. Muka nuna mashi zanen da ɗan kunne ɗaya, ya ce tabbas ita ce, matar ƙanensa. Ya yi kuka, ya yi godiya, ya karɓi kayan. Na ce mashi wurin nan ruwa na rufe shi rabin shekara, in za su ɗauke ta su hanzarta. Ya ce zai dawo da mijin. Har yau."

Jirgi ya fara karkata, Wakili ya kama gefe. "Kai, lafiya? Dubi gabanka!"

Yusha'u ya daidaita jirgin. Ya ji muryarsa tana tambaya kamar ta wani, "Wace rana ya zo?"

"Ranar kasuwar shanu, Alhamis. Kwana biyu bayan mun rufe ta."

Ya lissafa a zuci. Wa'azin Lahadi ya riga ya wuce da kwana huɗu. Ƙulli huɗu ke nan a igiya. Ya tuna Alhamis ɗin ma, don Philip ya ari jirginsa ya ce za shi gaisuwar mutuwa, ya dawo da yamma ya zauna kusa da shi suka ci tuwo kwano ɗaya.

"Shi mijin yana raye kuwa?" in ji Wakili.

"Yana raye."

"To ka ce mashi ya zo. Bana ruwa da sauri ya taho. Bai fi kwana biyu ba ya hau wurin."

Ya sauke dattijon a Bakin Kuka, ya ƙi karɓar komai, ya ce gobe zai dawo. Bai iya taka gaɓar ba a ranar. Ya juya jirgi ya buɗe wa inji wuta har ƙarfen ya yi zafi.

A majami'a ya sami Philip shi kaɗai, yana rubutu a allo don darasin matasa. Ya zana dabba mai kawuna da yawa, a ƙarƙashinta ya rubuta sunayen tsofaffin mulkoki. Yusha'u ya shigo da igiyar a kafaɗa, ya sauke ta a kan teburin wa'azi, ta yi tim.

"Ina zanenta?"

Allin ya tsaya a hannun Philip. Bai tambayi wane zane ba. Daga nan Yusha'u ya san babu ƙarya a zancen Wakili, ɗan guntun fatan da ya riƙo tun daga jirgi ya faɗi.

"Zauna, Yusha'u."

"Na zauna shekara uku. Ina zanenta?"

Philip ya buɗe akwatin ƙarfen da ake ajiye littattafan waƙa, ya tono har ƙasa, ya fito da wata baƙar leda. Zanen ya koɗe, an wanke shi an ninke. Ɗan kunnen yana ƙulle a gefensa. Duk Lahadi Yusha'u kusa da akwatin nan yake zama, wani lokaci har ya jingina da shi.

"Ka saurare ni," in ji Philip. "Kwana bakwai ba ka ci ba. Na ga mutuwa a idonka. Wa'azin nan ne ya tashe ka. Da na dawo ran Alhamis na iske ka kana cin tuwo, kana dariya da Inna. In ce maka mi? In ce ga ta can ta ruɓe, shanu sun gano ta?"

"Eh. Haka za ka ce."

"Da ka bi ta."

"Da na bi ta ko ban bi ta ba, tawa ce. Ba taka ba ce da za ka sa a akwati." Ya nuna allon. "Wagga dabba fa? Daga ina ta hito?"

Philip ya dubi zanensa kamar yau ya fara ganinsa. "Daga teku."

"Wanga tekun namu?"

Wata akuya ta leƙo ƙofa ta koma.

"A'a," in ji Philip a hankali. "Ba ruwanmu ake nuhi ba. Irin waɗannan littattafai, mutanen da ke cikin ƙunci suka rubuta su. Yahudawa a ƙarƙashin sarkin da ya hana su ibada, daga baya Kiristocin farko a ƙarƙashin wani. Ba su iya kiran sunan azzalumi a fili, sai su ce dabba. Teku a wurinsu shi ne duk abin da ke haɗiye mutane ba a iya tsayar da shi. Alkawarin tashin matattu gaskiya ne, na gaskata shi har yau, amma na ranar ƙarshe ne, ba wanda ya san ta."

"Shekara uku da rabin fa?"

"Bakwai cika ce a lissafinsu. Rabinta kuwa, ana nuhin wahala ba za ta cika ba, za a katse ta. Ba kwanan kalanda ba ne."

"Yaushe ka san haka?"

"Tun a makaranta."

"Tun kahin ka nuna man taga."

Yusha'u ya ɗaga bakin igiyar, ya riƙe ta a gaban fuskar wansa. "Kana ganina kullum ina ƙulla wagga. Ka taɓa taya ni ƙirgawa, ka tuna? Ranar da na rikice a ɗari bakwai, kai ka zauna ka gyara man lissahi. Mi kake jira ya hwaru in na kai ƙarshe?"

"Na ɗauka kahin nan ka manta." Philip ya kau da kai daga igiyar. "Na ce shekara ɗaya, biyu, zai huce, zai yi aure, igiya za ta ɓace. Kowa na hucewa, Yusha'u. Iyalan sauran biyun sun huce. Kai kaɗai ka riƙe maganar da hannu biyu."

"Don kai ka faɗa."

Ya juya zai fita, sai wani abu ya tsayar da shi. Ya san wansa. Tun suna yara, in Philip ya faɗi dalili da sauri, akwai wani a bayansa.

"Saura mi? Faɗi duka."

Philip ya goge allin hannunsa a wando, ya daɗe yana gogewa. "Sun yi mata salla. Sun kwantar da ita tana fuskantar alƙibla. Matar ƙanen mai bishara, shugabar mawaƙan zumunta. Kuma kwana huɗu da na tsaya a nan na ce tana cikin teku, majami'a cike. Ka san bakin mutanenmu. Na ce bari ƙura ta lafa tukuna. Sai mako ya zama wata, sai ruwa ya rufe wurin, sai na kasa."

Yusha'u ya gyaɗa kai. Abin mamaki, wannan bai yi masa zafi kamar na farkon ba, sai dai ya ji wani abu ya rufe a ƙirjinsa, kamar an ja ƙyaure. Ya naɗe igiyarsa, ya ɗauki ledar.

"Gobe da sassafe za ni. In kana zuwa, ka zo."

Philip ya zo. Suka kama hanyar Bakin Kuka. Yusha'u ya ɗauko wani babban dutsen niƙa na Inna da ya tsage, da goran da masunta ke ɗaura wa koma don ta yi yawo a saman ruwa.

Wakili na jiransu, an riga an ɗaure kayan ruga a kan jakuna. Da ya ga mai jirgin jiya ya sauko tare da Philip, da ledar zanen a hannu, sai ya cire hularsa ya riƙe. "Ashe kai ne. Ka yafe man, ɗana, na yi ta zuba kamar ba ni da hankali."

"Kai ne ka gaya man gaskiya, Baffa. Ina wurin?"

Suka bi ta cikin ciyawa mai laushi, ƙasa na tsotson ƙafa. Kututturen kukar baƙi ne, ruwan shekaru ya cinye shi. A gindinsa babu tudu, babu alama, sai wasu duwatsu uku da laka ta kusa binnewa. Wakili ya ce duk shekara in sun sauko Hamdiyya takan tono su ta mayar a wurinsu. Ruwa kuwa bai fi taku goma ba, yana tahowa a hankali, yana ɗaga busassun kara.

Yusha'u ya durƙusa ya dafa ƙasar da tafin hannu biyu. Shekara uku yana kewaya tsakiyar ruwa yana yi mata magana, ita kuwa tana nan, inda ya sha wucewa da buhunan albasa. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Christiana, ni ne. Na makara." Ya daɗe a haka har gwiwoyinsa suka nutse a laka.

Philip ya matso. "In muka samo mutane yau, za mu iya tono ta mu kai ta maƙabartar majami'a."

"Ba mai taɓa ta. Waɗanda suka same ta sun kwantar da ita da mutunci."

Ya mirgino dutsen niƙan ya kafa shi a kan duwatsun Hamdiyya. Ya warware igiyar, ya ɗaure bakinta na farko, mai ƙullin ranar Litinin ɗin nan, a jikin dutsen, ya zagaya sau uku ya ja da ƙarfi. Ɗaya bakin ya ɗaura wa goran. Wakili ya gane, ya ce, "Ko ruwa ya kai tsayin rimi, igiyar ga ta isa."

"Ta isa, Baffa. Na daɗe ina yin ta."

Philip ya ciro ƙaramin littafinsa daga aljihu. "Bari in yi mata addu'a, ƙanena. Ko wannan ka bar ni in yi."

Yusha'u ya miƙe, ya dube shi sosai, dogon mutumin da ya koya masa iyo.

"An riga an yi mata, Malam Philip."

Bai taɓa kiransa haka ba. Littafin ya koma aljihu.

Suka tsaya su uku har rana ta take. Ruwa ya zo ya taɓa dutsen, ya kewaye shi, ya hau. Goran ya motsa, ya tashi, ya fara lilo a saman ruwa, igiya na warwaruwa a ƙarƙashinsa ƙulli bayan ƙulli. Yusha'u ya dubi kututturen, ya dubi wani tsauni a hayi, ya auna wurin da ido yadda masunci ke yi.

A jirgi Philip ya zauna a mazauninsa na kullum, kusa da inji. Yusha'u ya nuna masa can gaba, wurin fasinja. Philip ya tashi ya koma. Sannan Yusha'u ya ja igiyar inji.